Fashin Baƙi: Ƙaramin Jirgin Sama Na Ƙashin Kai A Bauchi, Sayensa Ne Aiki Ko Riƙonsa?

Shin mutum ɗaya a Bauchi zai iya sayen jirgin sama, ya ajiye shi a filin jirgin Durum, ya riƙa tuƙa abinsa zuwa Abuja ko Kano duk sa'ad da ya ga dama? Tambayar ta yi ta yawo a majalisu da shafukan sada zumunta tun 2024, lokacin da hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, ta dakatar da izinin wasu masu jiragen alfarma bisa zargin suna kabu-kabu da su, hukumar kwastan kuma ta kira masu irin waɗannan jirage su kawo takardun shigo da su. Amsa iri biyu ake ji. Wasu na cewa jirgi sai gwamna ko mai rijiyar mai. Wasu kuma, musamman matasan da suka saba ganin bidiyon Turawa suna sauka a bayan gonakinsu, cewa suke yi ai wata jif ɗin ma ta fi ƙaramin jirgi tsada, tsoro ne kawai ya hana mu.

Kowane ɓangare ya kamo wani abu na gaskiya. Sai dai dukansu sun tsaya ne a kan kuɗin saye, alhali shi ne mafi sauƙi a cikin lamarin gaba ɗaya.

Ba kowane jirgin ƙashin kai ne jet ba

Jiragen da suka jawo ce-ce-ku-ce a Abuja da Legas su ne irin su Gulfstream da Bombardier, masu injin jet biyu, waɗanda ake saya da miliyoyin daloli, matuƙa biyu na albashi su ja su. Wannan duniya ce daban. Wanda ake nufi a nan shi ne ƙaramin jirgi mai farfela ɗaya a hanci da injin fistan, kuma babu misalin da ya kai Cessna 172. Tun 1956 ake ƙera shi, an yi sama da guda 44,000, babu wani jirgi a tarihi da aka ƙera da yawa kamarsa. Kujeru huɗu gare shi, injinsa mai silinda huɗu ne, iska ke sanyaya shi, yana gudun kusan kilomita 220 a awa, yana shan lita 30 zuwa 38 a cikin awar.

Daga Bauchi zuwa Abuja ta sama kusan kilomita 320 ne, wato tafiyar awa ɗaya da rabi. Wanda ya taɓa bin hanyar Jos da Akwanga a mota ya san yini guda take ci. Kano awa ɗaya ce, filin jirgin Lawanti na Gombe kuwa bai kai minti arba'in ba. Wannan shi ne abin da ke jan hankalin mutane, kuma ba laifi.

Sabon 172 ya haura dala 400,000. Idan aka lissafa dala a kan naira 1,500, an haura naira miliyan 600 ke nan tun ba a biya kwastan ba. Tsofaffi na shekarun 1970 sun fi sauƙi nesa ba kusa ba, kuma a nan ne masu kwatanta shi da jif suke da hujja. Amma araha ba ta ado. Darajar tsohon jirgi tana cikin kundinsa ne, littattafan da aka rubuta kowace awa da ya tashi da kowane ƙusa da aka canza. Jirgin da kundinsa ya ɓata ko aka sami giɓi a ciki, komai ƙyallin fentinsa, ya zube a kasuwa.

Kujeru huɗun ma da sauran magana. Abin da jirgin ke iya ɗauka duka bai wuce kilo 400 ba, har da mai. Cikakken tanki lita 200 ne, nauyinsa kusan kilo 145. Saura kilo 255, wato maza uku matsakaita babu ko jakar hannu. Mai shirin kwasar iyali da kaya zuwa biki sai ya sake lissafi.

Takardu da maganar kabu-kabu

Jirgin da aka yi wa rajista a Najeriya lambarsa kan fara da 5N. NCAA ce ke yin rajistar, ita ke ba da takardar shaidar lafiyar jirgi wadda ake sabuntawa, ita kuma ke ba mai jirgi izinin tashi ba don kasuwanci ba, wanda ake kira PNCF. Inshora wajibi ce. Hukumar NAMA ce ke kula da sararin samaniya, a wurinta ake shigar da tsarin tafiya kafin a tashi, NiMet ke ba da bayanin yanayi, mai filin jirgi kuma ya karɓi kuɗin sauka da na ajiya.

Izinin PNCF shi ne tushen rigimar 2024. Ma'anarsa ka ɗauki kanka da iyalinka da baƙinka, amma ba ka karɓi ko sisi ba. Mai son yin shata dole ya nemi lasisin kasuwanci, wanda sharuɗɗansa suka fi tsauri wajen gyara da horon matuƙa, kuma a kansa ne gwamnati ke karɓar kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shatar. A watan Afrilun 2024 NCAA ta dakatar da masu izini uku, a Yuli ta ƙara da goma saboda ƙin zuwa a sake tantance su. Kwamitin da ministan sufurin jiragen sama Festus Keyamo ya kafa ya ce ƙasar ta yi asarar sama da naira biliyan 120 cikin shekara goma ta wannan hanya. Asarar kuɗin ce ta fi ɗaukar hankalin jaridu, amma ni abin da ya fi damuna shi ne fasinja. Wanda ya biya kuɗi ya hau jirgin da ba shi da izinin kasuwanci, idan wani abu ya faru, kamfanin inshora na iya zame jiki ya bar iyalinsa da hannu biyu.

Wannan doka ta hau kan mai ƙaramin jirgi kamar yadda ta hau kan mai jet. Don haka tunanin "zan riƙa ɗaukar 'yan kasuwa zuwa Abuja in mayar da kuɗina" ya faɗi tun daga nan.

Lasisin tuƙi: awa 40 mafari ne kawai

Lasisin matuƙi mai zaman kansa ana ba wanda ya kai shekara 17, ya ci gwajin lafiya a wurin likitan da hukuma ta amince da shi, aka duba ido da kunne da zuciya da hawan jini. Sanya tabarau ba ya hana. Sai jarrabawar dokokin sama da yanayi da sanin hanya da magana ta rediyo cikin Turanci, sannan aƙalla awa 40 a sama, goma daga ciki shi kaɗai a jirgi, har da doguwar tafiya ta kilomita 270 da sauka a filaye biyu. Yawancin ɗalibai sukan wuce awa 40 ɗin kafin malami ya yarda su fuskanci gwaji. Makaranta mafi kusa da mu ita ce kwalejin koyon tuƙin jiragen sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, akwai kuma wata a Ilorin.

Abin da mutane ba su cika ganewa ba shi ne iyakar wannan lasisi. Mai shi yana tuƙi ne da ido: ya ga ƙasa, ya ga inda sama ta haɗu da ita, ya kauce wa gajimare. Tuƙi da na'ura zalla, a cikin hazo ko gajimare, wani horo ne daban da jarrabawarsa. Tashin dare ma sai da horonsa. Haka nan wanda ya koya a ƙaramin jirgi ba zai haye babba ya murɗa ba sai an horar da shi a kan wannan samfurin.

Dokin da ke cin harawa ko ba a hau shi ba

Duk wanda ya taɓa riƙe doki a Bauchi ya san kuɗin sayensa ba shi ne magana ba. Ko sau biyu a shekara za a hau shi, ranar hawan sallah, kullum sai ya ci dawa da harawa, sai an biya mai kula da shi, kuma idan aka bar shi a turke babu motsi lalacewa yake yi. Jirgi ma haka yake.

Akwai kuɗin da ke fita ko jirgi ya tashi ko bai tashi ba: inshora, kuɗin rumfar ajiye jirgi, sabunta takardu, da babban binciken shekara. Akwai kuma wanda ke bin awa. Ana canza baƙin mai kusan kowace awa 50, ana binciken jiki da inji kowace awa 100. Kamfanin Lycoming da ke ƙera injin ya sa wa'adin awa 2,000 ko shekara 12, duk wanda ya riga zuwa, a sauke injin a yi masa garambawul. Wannan aiki yakan ci dala 30,000 zuwa sama. Idan aka raba shi a kan awa 2,000, kowace awa da mutum ya yi a sama akwai dala 15 da ya kamata ya jefa a asusu, ban da mai. Wanda bai yi haka ba, ranar da wa'adi ya cika sai jirgin ya zama kayan kallo.

Gyaran kuma ba na kowane bakanike ba ne. Injiniya mai lasisin NCAA ne kaɗai zai sa hannu a kundi cewa jirgi ya cancanci tashi, kuma kowane kayan gyara sai da takardar asalinsa. Babu ɗan kamfani, babu na gwanjo daga Panteka, babu "bari mu ɗaure shi ya kai mu gida". Irin waɗannan injiniyoyi sun fi yawa a Legas da Abuja da Kaduna da Zariya, saboda haka mai jirgi a Bauchi zai biya kuɗin aiki, ya biya na tafiya da masauki. Kayan kuwa da dala ake saye. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, a 2024 ta haura 1,500. Wanda ya sayi jirgi da tsohon lissafi ya wayi gari kuɗin fulogi da taya sun ninka uku.

Sai babbar matsalar, mai. Injin fistan irin na 172 ba ya shan man manyan jirage. Nasa wani fetur ne na musamman da ake kira afgas, shuɗi, mai sinadarin dalma. Man da ake samu a filayen jiragenmu shi ne Jet A1, dangin kananzir, wanda matatar Dangote ma take fitarwa yanzu. Afgas kuwa shigo da shi ake yi, yana da tsada, samunsa kuma wahala. Matsalar ta kai har kwalejin Zariya ta koma sayen jiragen Diamond DA40 da DA42 masu injin da ke shan Jet A1, maimakon tsofaffin jiragenta samfurin Tampico. A ganina wannan darasi ne kai tsaye ga duk ɗan Bauchi mai wannan buri: kafin ka tambayi farashin jirgi, tambayi abin da yake sha da inda za ka same shi ranar dawowa. Fetur ɗin gidan mai ba mafita ba ne, sai ga injin da aka ba takardar amincewa da shi.

Abin da ake dubawa kafin a murɗa makulli

A ƙarƙashin fiffike akwai 'yan ƙananan kafofi. Matuƙi kan zo da ƙaramin kofi mai haske, ya danna shi a kafar, mai ya zubo, ya ɗaga kofin ya kalli rana. Idan shuɗi ne garau, madalla. Idan ya ga ɗigo-ɗigo sun kwanta a ƙasan kofin, ruwa ne, ko na sama da ya shiga ta murfi ko raɓar da ta taru a tankin da ba a cika ba. Zai yi ta zubarwa har sai ya fito tas, domin cokali kaɗan na ruwa ya isa ya kashe inji daidai lokacin tashi. Daga nan ya zare sandar baƙin mai, ya shafa bakin farfela da yatsa ko tsakuwa ta ɓantare ta, ya leƙa hancin inji ko tsuntsu ya yi sheƙa.

Akwai kuma wani siririn bututu da ke leƙowa gaba a ƙarƙashin fiffike. Iskar da ke shiga cikinsa ce ke gaya wa matuƙi gudun da yake yi. Raminsa daidai yake da irin wanda zanzaro ke nema ya cusa laka ya yi ɗaki, kuma zanzaro ba baƙo ba ne a kowane gida a ƙasar nan. Shi ya sa ake rufe bututun da marfi mai jan ƙyalle duk lokacin da jirgi ke ajiye. Kada a raina wannan. A watan Fabrairun 1996 wani Boeing 757 na kamfanin Birgenair ya faɗa teku jim kaɗan da tashinsa daga Jamhuriyar Dominika, mutum 189 suka mutu. Masu bincike sun gano bututun ya toshe, kuma abin da suka fi zargi shi ne gidan zanzaro, bayan jirgin ya yi kwanaki a ajiye babu marfi.

Mutuwar inji a sama, wadda ita ce fargabar kowa, ba ta nufin jirgi ya rikito. Kowace silinda fulogi biyu gare ta, da hanyoyin wuta biyu da ba su dogara da batir ba. Ko injin ya tsaya cak, 172 na tafiyar kusan mita tara gaba a kan kowace mita ɗaya da ya sauka. Daga tsayin mita 2,000 yana da kusan kilomita 18 na neman fili ko gona, kuma ana koya wa kowane ɗalibi yin haka tun kafin a bar shi ya tashi shi kaɗai.

Hazo da zafi: shekarar matuƙin Bauchi gajera ce

Tuƙi da ido yana bukatar a iya hangen aƙalla kilomita biyar a mafi yawan sararin da ake bi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, wani lokaci har Maris, iskar hunturu kan kwaso ƙura daga kwarin Bodele na Chadi ta lulluɓe mu, har hange ya koma ƙasa da kilomita ɗaya. Manyan jiragen fasinja ma soke tashi suke yi, balle ƙarami. Da damina kuma hadarin yamma kan taso daga gabas cikin gaggawa, ƙaramin jirgi ba ya iya haye shi, ba ya iya ratsa shi.

Bazara tana da nata. Bauchi na bisa tsayin kusan mita 600 daga teku. Idan zafi ya kai maki 40 a Afrilu, iska kan yi sakayau har inji da fiffike su ji kamar suna tsayin mita 1,700. Jirgi zai ci titi mai tsawo kafin ya ɗaga, ya riƙa hawa a hankali. A dogon titin Durum wannan ba damuwa ba ce, amma a gajeren fili da cikakken kaya ita ce ke kai mutane cikin bishiyoyi. Mai zuwa Abuja kuma ga tsaunukan Filato a gabansa.

Dalilin da ya sa hazo da duhu ke kisa yana cikin jikin ɗan Adam ne. Idan ido ya daina ganin inda ƙasa ta yi iyaka da sama, cikin kunne kan yaudari mutum, ya ji yana tafiya daidai alhali jirgin ya karkata yana nutsewa. A 1954 Jami'ar Illinois ta Amurka ta gwada matuƙa 20 da ba su da horon tuƙi da na'ura, aka toshe musu ganin waje. Dukansu jirgi ya ƙwace musu, a matsakaicin daƙiƙa 178.

Mu a wannan yanki ba sai an je Amurka ba. Ranar 25 ga Oktoban 2012 gwamnan Taraba na lokacin, marigayi Danbaba Suntai, ya tuƙa Cessna 208 daga Jalingo zuwa Yola da muƙarrabansa, jirgin ya faɗi kafin ya kai filin. Sun tsira da rai, amma shi ya sami mummunan rauni a kai, ya yi ta jinya a Jamus da Amurka har rasuwarsa a 2017. Rahoton hukumar binciken hatsarin jirage ya nuna lasisin matuƙi mai zaman kansa gare shi, ba shi da shaidar tuƙa wannan samfurin ko ta tuƙi da na'ura, kuma tafiyar ta kai bayan faɗuwar rana. Ba don a ci zarafin wanda ya riga mu gidan gaskiya ake tuna wannan ba. Abin lura shi ne mutumin da ke da halin sayen jirgi galibi babban mutum ne, mai taro na jiransa, wanda na kusa da shi ke jin nauyin ce masa "ranka ya daɗe, a kwana a nan". Matuƙin haya yana da kamfani da doka da za su hana shi. Mai tuƙa nasa, shi ne zai hana kansa.

Me talaka zai samu, me zai rasa?

Masu suka na cewa a jihar da yara ke zaune a ƙasa a aji, maganar jirgin ƙashin kai almubazzaranci ne. Suna ƙarawa da tsaro: tun da gwamnatin tarayya ta haramta shawagi a sararin Zamfara a Maris 2021, jama'a ke kallon duk ƙaramin jirgi ko mai saukar ungulu da ido biyu. Ƙorafin yana da tushe, musamman idan kuɗin jama'a ne aka sayi jirgin da shi, ko aka kauce wa haraji ta hanyar yi masa rajista a wata ƙasa. Maganin tsaron kuwa shi ne kowane tashi ya kasance da tsarin tafiya da sunayen waɗanda ke ciki, kowane fili kuma da izinin hukuma.

Amma idan fushin da ake yi da jet ya haɗa har da ƙananan jirage, mu za mu yi asara. Ƙaramin jirgi ne ke feshin tsuntsayen jan-baki da ke cinye shinkafa da gero a jihohin nan. Shi ake amfani da shi a wasu ƙasashen Afirka wajen ƙirga giwaye da farautar mafarauta, aikin da gandun Yankari ke bukata. Shi ne zai ɗauki mara lafiya daga nesa zuwa babban asibiti cikin awa ɗaya. Kuma duk matuƙin da ke jan alhazai zuwa Jidda a irinsa ya fara. Yaron Bauchi da ya gama Zariya yana bukatar tara awoyi kafin kamfani ya ɗauke shi, ga shi babu inda zai tara su a kusa da gida, filin Durum da gwamnatin Isa Yuguda ta gina da kuɗin jiha kuma yawancin yini shiru yake.

Hanyar da nake ganin za ta yiwu a nan ita ce haɗin gwiwa. Jirgin mutum ɗaya da ke tashi awa 40 a shekara, kuɗin inshora da rumfa da binciken shekara duk a kan awa 40 ɗin suke sauka, ga tsatsa na cin cikin injin saboda zama. Idan mutum biyar suka haɗu ya yi awa 200, rabon kowace awa daga waɗancan kuɗaɗe ya koma kashi ɗaya cikin biyar, injin kuma ya fi lafiya. Sharaɗin shi ne a zaɓi mai shan Jet A1, a ƙulla yarjejeniya da injiniya mai lasisi tun kafin jirgin ya iso, a buɗe asusun garambawul da kowa zai zuba wa gwargwadon awoyinsa, a kuma rubuta ƙarara cewa idan rahoton NiMet ya nuna hange bai kai ba, babu wanda zai ɗauki makulli, ko da shi ne ya fi kowa hannun jari.